Ranar da Na-Sani Ya Shayar da Motar Surukinsa Ruwan Kara

A layinmu akwai wani mai gyaran rediyo da fanka da dutsen guga, wanda tuni kowa ya manta sunansa na yanka. Na-Sani ake kiransa, don ba a taɓa fara yi masa bayani an kai ƙarshe ba. Da ka buɗe baki sai ya ɗaga hannu ya ce, "Na sani." Ranar da matarsa ta yi haihuwar fari, wanda aka aiko ya gaya masa bai gama sallama ba ya tare shi, "Na sani, namiji ne." Mace ce.

Shagonsa ɗan tsukukun ɗaki ne, cike da rediyoyin da ya buɗe bai rufe ba. In ka kai masa fanka mai juyi a hankali, za ka karɓo ta tana juyi da sauri ƙwarai, amma da baya, tana zuƙe 'yar iskar da ta rage a ɗaki. In ka koma ka yi ƙorafi ya ce ai sabon salo ne, kai ne ba ka waye ba.

Wata safiya yana zaune a kujerar Mai Aski, maƙwabcin shagonsa, an aske masa rabin kai, sai rediyo ya sanar cewa gwamnati ta ware tallafi ga masu iya mayar da tarkacen gona, irin su kara da ɓawo da buntun shinkafa da tukar rake, su zama man da mota za ta sha. Aka ce wata tawaga za ta zagayo gari-gari ta ga abin da mutane suka iya.

Na-Sani ya yi zumbur ya miƙe, ƙyallen aski na rataye a wuyansa.

"Zauna mana, saura rabi," in ji Mai Aski.

"Rabin ya jira. Ba ka ji gwamnati tana nemana ba?"

"Ni dai ban ji an ambaci sunanka ba."

"Ai ba sai an ambata ba. Duk garin nan wa zai iya in ba ni ba? Kai ka san mene ne fetur? Itatuwa ne suka ruɓe a ƙarƙashin ƙasa shekaru aru-aru. Ni gaggauta musu kawai zan yi. Abin da ƙasa ta ɗauki zamani tana yi, ni kafin wata ya mutu na gama."

Mai Aski, wanda kansa yake tal kamar ƙwai, ya ce, "To kafin ka fara, ina fankar da na kawo maka tun ina da suma?"

"Tana layi. Manyan ayyuka ake fara yi."

Haka ya fita da rabin kai, ya bi layi gida-gida yana shela cewa duk mai tarkacen tsiro ya kawo ƙofar gidansa, kyauta zai karɓa, ba ya son godiya. Jama'a kuwa suka ji daɗi, don motar kwashe shara ta daɗe ba ta leƙo mu ba. Kafin rana ta take, masu rake sun juye tuka, masu kayan miya sun kawo ruɓaɓɓen tumatir, manoma sun sauke damin kara da totuwar masara. Daga nan aka wuce gona da iri: karyayyiyar kujera, tsohuwar tabarma, katifar da ɓeraye suka gama da ita. Wani ya jefa takalmi wari guda.

"Kai, wannan tsiro ne?" Na-Sani ya tambaye shi.

"Roba ce. Roba kuwa daga jikin itace ake..."

"Na sani. Ajiye."

Matarsa wanki da guga take yi, kuma da sana'arta gidan yake tsaye, ko da yake ba a faɗin haka a gabansa. Ta dawo daga kai kayan mutane, ta wuce gidanta ba ta gane shi ba, sai da ta ji muryarsa daga bayan wani tsauni na kara.

"Baban yara, ina ƙofar gidanmu?"

"Tana nan, ki zaga ta hagu, ki sunkuya."

"Wa ya mayar mana da gida juji?"

"Juji? Rijiyar mai ce kike gani. Ki fara koyon zaman gidan bene tun yanzu, kada ki ba ni kunya a kan matakala."

"Ni dai in wani abu ya taɓa min kayan mutane, za ka ga bene."

Washegari da safe awakin Inna Mai Awaki, wata tsohuwa da ke ƙarshen layi, suka gano wurin. Suka zo da 'ya'yansu da baƙinsu, suka hau tsaunin suka buɗe kasuwa. Na-Sani ya fito da sanda, ya kori na gabas, na yamma suka hau, ya kori na yamma, na gabas suka dawo. Da ya gaji ya nufi gidan tsohuwar yana haki.

"Inna, awakinki suna sha min fetur!"

"Fetur kuma? Ni kara na ga suna ci."

"Ai shi ne fetur ɗin, bai dai gama zama ba."

"To ɗan nan, ka bar su su ƙoshi, sai ka hau ɗaya ka ga ko za ta fi gudu."

Ya ga in ya tsaya, awaki za su cinye masa tallafin gwamnati tun bai gan shi ba. Sai ya jira matarsa ta fita kasuwa sayen sabulu, ya jawo babbar tukunyar da take dafa ruwan wanki, ya danna mata kara da ɓawo da tuka, ya cika da ruwa, ya hura wuta a tsakar gida. Itacen kuwa ɗanyen kara ne da katifar nan. Hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin, ya cika gidan, ya bi igiyoyin shanya inda fararen kayan mutane suke, ya haura katanga ya rufe layi.

Wata maƙwabciya ta kurma ihu, "Gobara! Gobara a gidan Na-Sani!"

Ƙofa ba ta shiguwa saboda tsaunin kara, don haka jama'a suka tsaya daga waje suna watso ruwa ta saman katanga. Mai bokiti, mai kwano, mai ruwan wanke-wanke, kowa da abin da hannunsa ya kai. Na-Sani yana ciki yana ihu, "Ku tsaya! Bincike ne! Bincike nake yi!" Amma duk buɗe bakin da ya yi sai wani bokitin ya same shi. Da hayaƙi ya lafa, aka leƙa aka gan shi tsaye jagab, rabin kansa da suma rabi babu, da ɓawon albasa a kafaɗa, yana riƙe da muciya.

Matarsa ta dawo ta tsaya a gaban igiyoyinta. Fararen riguna sun koma ruwan toka, zanen gadon wani otal ya yi zane-zane kamar taswira. Ba ta yi ihu ba, kuma wannan ne ya fi ba shi tsoro.

"Ai launin nan ake yayi yanzu," ya ce a hankali.

"Baban yara."

"Na'am."

"In ka sake ƙyasta ashana a gidan nan, ko ta kunna fitila ce, ni da yara sai gidan Baba. Ka ji?"

"Na sa... Na ji."

Mai Aski ya zo karɓar farar rigarsa ta fita unguwa, ya ɗaga ta ya juya ta. "Wannan rigar tawa ce, ko ta mai sayar da gawayi?"

"Idan tallafi ya fito zan saya maka masana'antar riguna."

"Ka dai fara da fankata."

An hana shi wuta, amma ba a hana shi tunani ba, kuma nan ne matsalar take. Yana wucewa ta gidan burodi ya ga ƙulli ya kumbura ya cika kwano, sai ya ja birki.

"Me ke sa ƙullin nan tashi?"

"Yis," in ji Mai Burodi.

Na-Sani ya buga ƙafa a ƙasa. "Shi ke nan! Abin da ya tayar da ƙulli, me zai hana ya tayar da mota?"

Ya sayi yis cikin leda, ya kwashe durorin ruwan matarsa guda biyu ya kai bayan ɗaki, ya zuba ruwan karan da ya dafa, ya ƙara tukar rake da ɓawon ayaba da ɓawon rogo, ya juye sukarin gidan kaf. Yara suka sha shayi salam, aka ce musu tururuwa ce ta kwashe.

Bayan 'yan kwanaki wani wari ya fara zaga layi, mai tsami-tsami, mai zaƙi-zaƙi, irin wanda ke sa dattijo ya tsaya ya shinshina ya yi a'uziyya. Duro ɗaya yana yoyo ta ƙasa, ruwan ya bi ta magudana ya taru a wani ɗan kwari a bakin hanya. Awakin Inna suka same shi.

Da hantsi sai ga babban bunsurun Inna yana tafe a tsakiyar titi, ƙafafun gaba suna son zuwa kasuwa, na baya suna son komawa gida. Ya tsaya ya yi wa sandar lantarki wani dogon jawabi. Daga nan ya faɗa shagon Mai Aski, ya hango wani bunsuru a madubi yana yi masa kallon raini, ya ja da baya ya kai masa karo. Madubi ya tarwatse, wanda ake yi wa gyaran gemu ya fita da gudu da kumfa a fuska. Sauran awakin kuwa suna kwance a gefen hanya, ƙafafu sama, suna murmushi.

Layi guda ya tattaru a ƙofar Na-Sani, Inna a gaba, tana jan bunsurunta da ya ƙi miƙewa.

"Ɗan nan, dubi abin da ka yi wa dabbar da ba ta taɓa ɓata sunan gidana ba!"

"Faɗa mana gaskiya," in ji Mai Aski, da firam ɗin madubi a hannu. "Giya kake dafawa a layin nan?"

"Subhanallahi! Ni? Makamashi ne! Ku dubi madubin nan da kyau. Bunsurun da jiya ko kaza ba ya iya kora, yau ya fasa gilashi da karo ɗaya. In kurɓi kaɗan ya yi wa dabba haka, ku auna abin da duro zai yi wa mota."

"Zai sa ta shiga shagona ita ma."

Aka yi ta cacar baki, har aka tsaya a kan cewa in aka sake jin warin nan, hukuma za a kira. Na-Sani ya koma bayan ɗaki, ya liƙe yoyon da kwalta, ya rufe durorin, ya naɗe murafen da robar taya, ya bi su da guduma har ko numfashi ba ya fita.

Matarsa tana shanya ta tsaya ta kasa kunne. "Baban yara, duron nan gurnani yake yi."

"Ƙarfi ne yake taruwa."

"Cikinsa ma ya kumbura."

"Na sani. Ƙoshin lafiya ce."

Saura mota. Duk danginsa ba mai ko keke, amma surukinsa, wanda kowa ke kira Baba Direba, yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake dakon kayan 'yan kasuwa da ita. Da ita ya ciyar da 'ya'yansa, da ita ya aurar da su, kuma yana goge ta kowace safiya kafin ya wanke fuskarsa. Ba ya barin kowa ya jingina da ita, balle ya taɓa sitiyari.

Na-Sani ya je ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa.

"Baba, barka da hutawa. Wata 'yar alfarma na zo nema."

"In ta mota ce, babu."

"Ba tuƙa ta za a yi ba, Baba. Duro biyu kawai za a kai filin taro. Kai da kanka za ka ja abarka. Kuma 'yan talabijin za su zo, duk ƙasa za ta gan ta."

Tsoho ya waiwaya ya dubi motarsa. "Za su ɗauke ta ta gaba? Don ta gefen hagu akwai 'yar lotsawa."

"Ta gaba, Baba. Ni zan tsaya a kan lotsawar."

Ranar da tawagar ta iso garinmu, filin taro ya cika maƙil. An kafa rumfa, an jera kujeru, 'yan tawaga suna zaune a bayan dogon tebur mai farin ƙyalle. Shugabarsu wata mace ce mai tabarau, mai magana a natse. Mutanen layinmu ba wanda ya zauna a gida, har Inna ta zo, ta ce ba za a ba ta labari ba.

Akwai waɗanda suka riga shi. Wasu ɗalibai sun kawo kwalabe da bututu, wata ƙungiyar manoma ta kawo wani ɗan inji da ke ɗigo da ruwa garai-garai cikin kofi. Na-Sani, cikin aron kwat da ta fi ƙarfinsa, ya zagaya yana taɓe baki.

"Ɗis, ɗis, kamar maganin ciwon ido. Wannan sai yaushe zai kai mota kasuwa? Ni da duro nake magana."

Baba Direba ya ajiye motar a inda rana ta fi haska ta, ya goge gilashi, ya zare makulli. Sai ya hango wani tsohon abokinsa na tasha a can ƙarshen fili. Ya miƙa wa 'yarsa, matar Na-Sani, makullin ya ce ta riƙe, ya tafi gaisawa. Gaisuwar tsofaffin direbobi kuwa ba ta ƙarewa sai an bi duk hanyoyin da aka taɓa bi.

Aka kira Na-Sani. Ya karɓi lasifika kamar da ita aka haife shi.

"Jama'a, yau ranar ƙarshe ce da za ku yi layi a gidan mai! Daga yau, mai gona shi ne mai rijiya. Wanda ya sha rake, kada ya tofar da tuka, kuɗin motarsa ne yake tofarwa!"

Aka tafa. Shugabar tawaga ta gyara tabarau ta ce, "Malam, sannu da ƙoƙari. Bayan ya tsima, ka raba shi da ruwa?"

"Na sani."

"Tambaya na yi."

"Ranki ya daɗe, na tace shi da ɗankwalin matata. Sabo."

Matarsa ta kai hannu ta dafe kai.

"To ka ba mu kofi ɗaya mu auna tukuna," in ji shugabar. "Kada ka zuba shi a mota."

"Kofi na masu ɗis-ɗis ne. Ni ido zai gani."

Ya matsa kusa da matarsa ya ce zai ɗauko takardunsa a gaban mota, ta ba shi makulli. Ta yi jinkiri, amma idon jama'a yana kansu, ta miƙa. Ya zaro tiyo ya zura a tanki, ya ce zai fara kwashe fetur ɗin da ke ciki don kada wani ya ce an yi coge. Ya sa baki ya zuƙa, ya zuƙa da ƙarfi, fetur ya cika masa baki har hanci. Ya furzar, ya yi tari, idanu suka yi ja.

"Yaya ɗanɗanonsa?" Mai Aski ya ɗaga murya daga cikin taro.

"Nawa ya fi shi!"

Ya juye fetur ɗin a jarka, ya sauko da duro ɗaya, ya sassauta murfi. Duron ya yi wata doguwar gyatsa da ta sa na sahun gaba suka toshe hanci. Ya kafa mazurari ya dinga ɗura wa motar wani ruwa mai launin kwata, da 'yan ɓawon ayaba suna bi.

"Baban yara, ka rufa mana asiri," matarsa ta ce tana jan hannun kwat ɗin. "Motar Baba ce. Kuma kai ba ka iya tuƙi ba!"

"Wanda ya iya fanka? Duk juyi ne."

Ya shige ya murɗa makulli. Motar, da ɗan sauran fetur ɗin da ya rage a hanyar injin, ta tashi rau. Fili ya kaure da tafi da sowa. Na-Sani ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu biyu.

"Kun gani? Kun ji sauti? Ina masu dariya?"

Daga can nesa Baba Direba ya ji muryar motarsa, wadda zai gane ko a cikin dubu. Ya bar hannun abokinsa a iska ya rugo da gudun da bai yi ba tun yana yaron mota.

Na-Sani ya hango shi, ya rikice, ya taka wani abu, ya ja wani abu. Motar ta yi tsalle kamar kwaɗo ta miƙe, ba ta nufi ko'ina ba sai rumfar manyan baƙi.

"Birki! Taka birki!"

"Na sani! Wanne ne?"

Ya taka totur. Ɗalibai suka rungumi kwalabensu suka watse, manoma suka ɗaga injinsu sama suka yi gefe, mai ɗaukar hoton talabijin ya haye kujera yana ɗauka yana salati. 'Yan tawaga suka daskare a bayan tebur. A daidai nan ne ruwan kara ya iso injin. Motar ta yi tari. Ta yi atishawa. Ta yi wani kuka kamar tsohuwar da ta ƙware, ta girgiza, ta mutu, hancinta yana shafar farin ƙyallen tebur.

Shugabar tawaga ta sauke numfashi ta dubi Na-Sani ta gilashin mota.

"Malam, mun gode wa Allah da man naka ba ya aiki. Da na gaske ne, da yanzu ana kwasarmu."

Na-Sani ya fito yana gyara kwat. "Ranki ya daɗe, ai tsarin ke nan. Man nawa ya san haɗari, da ya ga mutane sai ya tsaya da kansa. Wane gidan mai ne zai sayar miki da irin..."

Bai ƙarasa ba. Duro na biyu, wanda ya wuni a rana a bayan mota, aka kuma girgiza shi yanzu, ya ga ya yi haƙuri iya haƙuri. Murfin ya tashi da wata ƙara kamar aradu, ya yi sama har aka daina ganinsa, abin da ke ciki ya bi shi. Sannan komai ya dawo ƙasa: a kan rumfa, a kan tebur, a kan 'yan tawaga, a kan mai talabijin, a kan Baba Direba da ya iso yana haki. Takalmin nan wari guda ya sauka a cikin kofin shugaba.

Mai Aski ya share fuska ya ce, "Baba, motarka da giya huɗu na san ta. Yau surukinka ya ƙara mata ta biyar, ta duro."

Dariya ta ɓarke, har 'yan tawaga ba su iya riƙewa ba. Inna ta zauna a ƙasa tana buga cinya tana cewa gara da bunsurunta bai zo ba, da ya koma ruwa.

Shugabar ta cire ɓawon rogo daga tabarau, ta karɓi lasifika. Ta ce mayar da tsiro mai aiki ne na gaske, ga shi ɗalibai da manoma sun nuna, amma ba a bayan ɗaki da guduma ake yinsa ba. Ta ƙara da cewa masana'antun da za a kafa za su buƙaci kara da ɓawo da tuka masu yawa, kuma duk wanda ya tara ya kawo, za a saya.

Mutanen layinmu suka dubi juna. Sai wani ya fara ja da baya a hankali, wani ya bi shi, kafin ka ƙifta ido duk sun zuba a guje, sun nufi ƙofar gidan Na-Sani kowa yana ihun "Damina ne na ƙasa!" "Tukata ce ta gefen kwata!" Taro ya watse, fili ya rage daga Na-Sani sai matarsa sai surukinsa sai mota.

Baba Direba ya zagaya motarsa sau ɗaya. Ya buɗe tanki ya shinshina, ya rufe. Ya shafa ta kamar mara lafiya.

"Baba, ai abu kaɗan ne," in ji Na-Sani. "In aka kai ta shagona, ni da kaina zan..."

"Ka taɓa ta, in taɓa ka."

"To, Baba."

"Garejin bakanike yana saman tudu. Ka san shi?"

Na-Sani ya dubi tudun. "Baba, ba za a nemo mai ja ba?"

"Ga mai turi, me za a yi da mai ja? Kuma kayan 'yan kasuwa suna jirana gobe da jibi, har ranar da za a gama wanke mata ciki. Akwai kurar dako a gida, tayoyinta lafiya lau. Kai ne injin."

Matarsa ta karɓi aron kwat ɗin ta naɗe, ta buɗe ƙofa ta zauna a gaba kusa da mahaifinta. "Tura a hankali, Baban yara," ta ce ta taga. "Ina koyon hawan bene."

Haka suka ratsa gari da la'asar. Tsoho yana riƙe da sitiyari, gwiwar hannu a taga, yana danna oda duk inda ya ga taro. Na-Sani yana baya, kafaɗa a jikin ƙarfe, gumi na ɗiga, amma bakin bai mutu ba. Duk wanda suka wuce sai ya ce masa, "Ka gani? Ba ƙara, ba hayaƙi. Wannan shi ne mataki na biyu na binciken."

Da suka zo wucewa ta gidan mai, direbobin da ke layi suka leƙo. Wani da bai hango na baya ba ya ga mota tana hawa tudu shiru, ya kira, "Baba Direba! Ashe abin ya yiwu? Da me take tafiya?"

"Da surukina," in ji tsoho.

"Yana shan mai da yawa?"

"Ko ɗis. Masara yake ci, kwano biyu ya kai ka kasuwa ya dawo. Illarsa ɗaya ce, salansarsa a baki take, kuma har yau ba a samu bakaniken da zai toshe ta ba."

Ya danna oda, ya leƙa baya. "Kai, ƙara wuta, tudun bai ƙare ba."